Noman da Na Yi wa Baba Umar a Bakin Teku

Wata bakwai na yi a Jidda ƙafata ba ta taka ƙasa ba. In na faɗi haka a gida sai a yi mini dariya, a ce to a sama nake yawo? Amma gaskiya ce. Daga siminti sai tayil, daga tayil sai kwalta. Ni kuwa a wani ƙauye gabas da Gumel na tashi, tun ban kai tsawon ƙotar fartanya ba nake bin mahaifina a cikin kunya.

Ejan ɗin da ya yi mini hanya, wani mai ƙamshin turare da zaƙin baki a Kano, rantsuwa ya yi mini cewa gonar dabino za a kai ni. Ya ce, “Kai da kake manomi, Haruna, ai kamar an mayar da kifi ruwa ne.” A iƙamata ma, wato takardar izinin zama, abin da aka rubuta ke nan, ma'aikacin gona. Da na sauka, kafilina, wato ubangidan da na shigo ƙasar da sunansa, ya dube ni sama da ƙasa kamar mai tayin rago, ya miƙa ni ga wani ɗan'uwansa mai sito a Bagdadiyya. Dabinon da na gani duk na cikin kwali ne, shi ma a kafaɗata, ina hawa bene da shi. Na tambayi gona aka ce bukra, wato gobe. Na sake tambaya aka ce bukra inshallah. Daga nan na gane, na kama bakina.

A Aziziyya muke kwana, mu shida a ɗaki ɗaya. Kusa da katifata akwai ta Mahamadu, mutumin Maraɗi, mai walda. Shi ya zaunar da ni ya karanta mini halin da nake ciki. Ya ce takardata ta ce gona, ni kuma ina sito, saboda haka duk ranar da hukuma ta bincike ni, sai tarhil, wato a tattara ni a mayar gida da rigar da ke wuyana. “Bon,” in ji shi, “ka zama kamar ba ka nan. Kada ka yi faɗa, kada ka raba faɗa, kada ka tsaya kallon faɗa.” Na bi shawararsa sosai, har na kusa manta yadda muryata take.

Wahalar kwali ba ta dame ni ba, jikina ya saba da abin da ya fi haka. Kewa ce ta kusa kayar da ni. Da damina ta faɗi a gida, ƙanena ya riƙa turo mini hoton gero a waya, ya yi kore shar, yana kaɗawa. Sai in zauna a bayan sito ina kallo har abincina ya huce. Na taɓa shuka tumatir a gwangwanin madara a bakin taga, ina ba shi ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Kwana tara ya yi a duniya.

Wata Alhamis aka aike mu kai kaya Ruwais, tsohuwar unguwar nan ta kusa da teku. Bayan mun yi La'asar a wani ƙaramin masallaci, sai na ga wata bishiya a harabar, an bar mata ɗan da'irar ƙasa a gindi wadda ba ta fi faifai ba, ita ma ta daskare. Ban san lokacin da na tsuguna na samo tsinke na fara sassauta mata ƙasar ba.

“Ya waladi, me ka jefar a nan?”

Da Hausa aka yi maganar, amma Hausar ta biyo ta maƙogwaron Larabawa. Na ɗaga kai na ga wani dattijo baƙi, siriri, da farar jallabiya da sanda. Na ce ban jefar da komai ba, Baba, bishiyar ce na ga tana shan wuya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Tashi. Yalla, mu je ka sha shayi.”

Wannan shi ne Baba Umar. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa don aikin hajji, ya yi shekaru a hanya, bai koma ba. Shi Baba a Ruwais aka haife shi. Ya yi kamun kifi a jiragen mutane har ƙarfinsa ya ja baya, sannan ya yi tuƙi. Bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, nan ɗin kuma ba a ba shi takardar ɗan ƙasa ba. Yana dariya yake faɗa: “Can in na je, Balarabe za su ce. Nan kuma Takruni, baƙo daga ƙasar baƙar fata. Ni dai ga ni.” Ya sa aka kawo tamis, wata faffaɗar gurasa mai zafi, da ful, dafaffen wake da mai. Tun da na zo ƙasar, ranar na fara cin abinci wani yana tambayata ko na ƙoshi.

Da zan tafi ya ce, “Gobe Juma'a ba ka da shugul, ba ka zuwa aiki, ko? Ka tsaya a bakin titi bayan Asuba. Zan kai ka inda za ka taɓa ƙasa har ka gaji.”

A tsohuwar a-kori-kurarsa muka tafi, kudu da gari, har gine-gine suka ƙare. Wurin wani fili ne a bakin Bahar Maliya da a da ake jibge ɓaraguzan gini da shara, yanzu hukuma ta killace shi tana so ta mayar da shi yadda Allah ya halicce shi. Akwai mai gadi a ƙofa, wani ɗan Bangaladash mai suna Abdulkarim. A ciki na tarar da mutane kusan talatin: ɗalibai, wasu mata 'yan Filifin masu aikin asibiti, wani malamin makaranta Bamisire, 'yan Sudan biyu. Kowa da koriyar falmaran. Mai kula da aikin wata matashiya ce 'yar ƙasa, da dogon takalmin roba da malafa a kan gyalenta. Injiniya ce, kowa Muhandisa yake ce mata.

Na ja Baba gefe na tambaye shi nawa ake biya. Ya ce ba a biya, 'yan sa-kai ne. Na ce duk waɗannan? Ya ce duk. Da na ba Mahamadu labari ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce kwana shida ina yi wa kafili bauta, na bakwai kuma na ba teku kyauta, lallai Nijeriya ta yi asarar mai hankali.

Bai san abin da na ji ba lokacin da na tuɓe takalmi na sa ƙafa a taɓon nan. Ruwa ya janye, ya bar laka mai ɗumi, baƙa, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ta shige tsakanin yatsuna. Wallahi sai da hawaye ya zo mini, na yi kamar gishiri ne ya shiga idona.

Itacen da ake dasawa sunansa shura. A ruwan gishiri yake rayuwa, inda ko ƙaya ba za ta yarda ta tsiro ba. Komai nasa a juye yake da abin da na sani. Ba a yi masa ban-ruwa, teku ce ke zuwa ta shayar da shi ta koma. Ba a sa masa taki. In ka lashi bayan ganyensa gishiri za ka ji. Baba ya ce ƙananan kifaye a gindinsa suke girma, ƙaguwa a nan take gida, kuma shi ke riƙe gaɓa kada ruwa ya cinye ta. Ana kawo dashen a baƙaƙen ledoji, ka haƙa rami da hannu, ka yage ledar, ka zaunar da shi, ka danne.

To, dashe dai dashe ne. Kafin ɗalibi ya gama ɗaukar hoton guda ɗaya, na dasa goma. Na ja layi tsaf kamar na shukar dawa, har Muhandisa ta zo tana dariya ta ce ta bakin Baba in daina jera su kamar sojoji, daji ake so ba fareti ba. Amma ta yaba. Daga ranar Baba ya daina ce mini Haruna, sai Manomi. Sauran ma suka ɗauka, har 'yan Filifin ɗin. Ni da na yi wata bakwai ba wanda ya san sunana sai “ya Nijiri, ɗauko,” ga ni ana kirana daga nesa a nuna mini rami a ce ya yi ko bai yi ba. Kaina ya fara girma, ba zan ɓoye ba. A raina na ce mutanen nan suna da karatu, amma ƙasa sai mu.

Can gefen hagu, bayan wata igiya da aka kewaye, akwai manyan shura guda goma sha huɗu. Sun fi mutum tsawo, sun yi duhu, zalɓe na sauka a kansu. Sababbi ba sa zuwa wajen, mu a filin dashe muke. A nan bakin igiyar Baba yake kafa kujerarsa ta roba, don gwiwoyinsa sun daina yarda ya shiga taɓo. Wata rana ina kawo masa ruwa ya ba ni labarinsu. Tun kafin a san za a killace wurin, lokacin yana kamun kifi, yake tsinto 'ya'yan shura daga wani tsibiri ya zo ya binne a nan tsakanin shara. Mutane suka ce ya taɓu. Ɗaruruwa ya binne, waɗannan ne suka rayu. Da hukuma ta zo ta same su, sai ta kewaye su ta bar su a hannunsa, kuma daga jikinsu ake ɗibar irin da muke dasawa.

“Shuf, duba, Manomi,” ya ce. “Gidan da nake ciki na haya ne. Motar nan da sunan wani take. In na mutu, ba abin da zai nuna na zauna a garin nan sai waɗannan. Wancan babban, shi ne na fari. Sa'an jikata ne.”

Ina sauraronsa, amma idona na kan gindinsu. Abin da na gani ya dame ni ƙwarai. Ko'ina a ƙarƙashin itatuwan wasu tsinkaye ne suka tsiro daga laka, tsaye cirko-cirko, tsawon ɗan yatsa zuwa taƙi, babu ganye babu fure, dubbai, ba inda za ka sa ƙafa. Na ce a raina, wayyo, gonar tsoho ta cika da ciyawa. Gwiwa ta hana shi, 'yan bokon nan kuma ba su san ciyawa ba ko ta kama su da kokawa.

Me ya hana ni tambaya? A garinmu ba a ce wa dattijo gonarka ta yi ciyawa, cin fuska ne. Abin da ake yi, samari su yi sammako ba tare da ya sani ba, su nome masa ita tas, su tafi. In ya zo ya gani, ya san an yi, su ma sun san ya sani, ba mai tayar da maganar. Na yi wa dattawan garinmu haka ba sau ɗaya ba. Mutumin da ya ciyar da ni, ya fito da ni daga bayan sito, ban ga abin da zan iya saka masa da shi ba da ya wuce wannan.

Na sa Mahamadu ya ƙera mini fartanya da guntun sifirin ɗin mota. Ya yi ta da kyau, har ya wasa mata baki. Washegarin Babbar Sallah babu aiki, babu 'yan sa-kai. Na sa ta a buhu, na sa koriyar falmarana, na bi wata motar ɗaukar kifi ta sauke ni a hanya. Abdulkarim ya san ni, ya buɗe mini ƙofa har da barka da Sallah.

Ruwa ya janye. Na tsallake igiya, na yi bismillah, na fara da babban. Sara na farko na ji abin da taushi, kamar ɓargon kara. Na tona da hannu in ga saiwarsa, sai na ga ba shi da tasa saiwar, a jikin saiwar itacen yake manne. Nan na ƙara tabbata. Na ce ƙuduji! Duk wanda ya noma dawa ya san ƙuduji, muguwar ciyawar da ke kama saiwar shuka a ƙarƙashin ƙasa tana tsotse ta. Ashe teku ma tana da nata. Haushi ya kama ni, na duƙa da ƙarfina.

Rabona da aiki mai daɗi irin na wannan safiya tun ina gida. Ina yi ina 'yar waƙa. Na share gindin itace shida tas, kamar tsakar ɗakin amarya. Ban tsaya nan ba, na jawo laka na tara wa kowanne a gindi, yadda ake yi wa dawa don ta tsaya da kyau. Tsinkayen kuma na kwashe su na tara wuri ɗaya a kan tudu. Rana ta yi zafi, ruwa ya fara dawowa, na ce sauran takwas sai wani satin. Na koma Aziziyya ina jin kaina kamar wanda ya sauke farali.

Ranar Juma'a Baba ya ɗauke ni kamar kullum. Ina ta danne murmushi a mota. Da muka shiga, sai na hango Muhandisa tsaye a kan tulin tsinkayena, hannunta biyu a ka. Baba ya taka birki. Bai ɗauki sanda ba, bai ɗauki kujera ba. Mutumin da sai an riƙe shi yake sauka daga mota, na ga ya tsallake igiya ya faɗa taɓo har gwiwa, da farar jallabiyarsa.

Na bi shi a guje. Na same shi ya dafa babban itacen, yana riƙe da tsinke guda a hannu.

Na ce, “Baba, lafiya?”

Ya ce, “Hancinsu ne, Manomi. Lakar nan babu iska a cikinta. Da waɗannan suke numfashi. Wani ya zo ya yanke musu hanci, ya kuma toshe wurin da laka.” Sai ya juya harshe, yana ta faɗin “Lesh? Lesh?” Wato don me.

 Muhandisa ta tara mu, Bamisiren nan da Baba suna fassara wa waɗanda ba su ji ba. Ta ce wannan ɓarna ce da gangan, dole ta kai rahoto, kuma doka ba ta wasa da mai saran shura. Ta ce abin da ya fi yiwuwa, ofis zai sa wayar shinge ya rufe wurin, ya karɓe shi daga hannun 'yan sa-kai, har da Baba. Da ta faɗi wannan ba ta iya kallonsa ba. Aka kira Abdulkarim aka tambaye shi wa ya shigo a hutun Sallah. Ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya ce mutane da yawa sun zo shan iska, bai riƙe fuska ba.

Ni kuwa na yi shiru. Ina faɗa ne yadda ya faru. Ranar ba a yi dashe ba, kowa ya shiga da hannu ana janye lakar da na tara, ni ma ina ciki, ina rushe aikina ina jin ana tsine wa wanda ya yi shi da harsuna biyar. Muka kamo hanyar komawa ni da Baba. Da muka iso gari sai da ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya sayo mini tamis ya ɗora mini a cinya. Na kasa ci.

Mahamadu ya ce in jefa fartanyar a bola in manta da hanyar teku. “Ka je ka ce kai ne, su ce kawo iƙama. Voilà. Ma'aikacin gona, ina gonar? Ka koma wa tsohuwarka da me, da labarin itace?” Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini ciwo. Kwana biyar ina ɗaukar kwali ina sauke kwali, ina ganin tsohon nan tsaye cikin taɓo. Ya yi shekaru yana binne iri ana ce masa mahaukaci, ni kuma na zo da safiya ɗaya, da ƙauna, zan sa a kore shi daga bakin igiyarsa.

Ranar Laraba bayan La'asar na tafi Ruwais. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma. Na gaishe shi, na zaro fartanyar daga buhu, na ajiye a gabansa, na zauna a ƙasa.

Ya dube ta. Ya ce, “Na sani.”

Na ɗago.

“Tun a wurin na sani. Mai ɓarna zai tsaya ya share gindi ya tara shara wuri ɗaya? Duk Jidda wa ke da wannan hannun in ba kai ba?” Sai muryarsa ta tashi, abin da ban taɓa ji ba. “Kana da baki! Kullum kana kawo mini ruwa, kana zaune kusa da ni. Esh hada? Kalma ɗaya, Baba mene ne wannan, khalas, shi ke nan! Me ya hana ka?”

Na ce kunya ce. Na gaya masa yadda muke yi a gida, yadda ba a faɗa wa babba gonarsa ta yi ciyawa, yadda samari ke sammako su nome masa su gudu kafin ya zo. Na gaya masa zancen ƙuduji. Ina magana ina kuka, ƙato da ni, mutane na wucewa.

Na ɗauka ya gama da ni. Can ya ce, a hankali, “Haka ake yi a ƙasarmu?”

Na ce haka ake yi, Baba.

“Ba a gaya masa? Sai dai ya zo ya gani?”

Na ce sai dai ya zo ya gani.

Ya ɗauki fartanyar, ya juya ta, ya shafa ƙotar. Ya ce, “Shekara saba'in da wani abu, ba wanda ya taɓa yi mini sammako.” Ya share ido da gefen rawaninsa. Sannan ya ɗaga ta kamar zai maka mini, ya ce, “Jaki. Jakin Allah. Tashi ka kawo mana shayi.”

Ranar Juma'a muka je wurin Muhandisa tare. Ni na yi magana, shi ya fassara, kuma na lura fassarar ta fi maganata tsawo. Da farko fuskarta ta yi ja, ta yi faɗa sosai, na kuwa cancanta. Da aka zo kan ƙuduji sai ta tsaya, ta sa na maimaita, ta nemo hotonsa a wayarta ta nuna mini. Na ce shi ne. Ta zauna a kan bokiti ta rufe fuska, ban sani ba dariya take ko kuka. Daga baya ta ce wata uku ina aiki a ƙarƙashinta ba ta taɓa kai sababbi su ga babban itace ba, wannan laifinta ne, kuma haka za ta rubuta: kuskuren ɗan sa-kai da ba a koya masa ba. Ba ta tambayi takardata ba. Fartanyar dai ta karɓe.

Amma maganar Baba ba ta mutu ba. Ofis ya ce za a jira a ga itatuwan. In sun farfaɗo, wurin na hannunsa. In sun mutu, a sa waya. Ni kuma aka yanke mini hukuncin da ya fi bulala: duk Juma'ar da sababbi suka zo, ni zan kai su bakin igiya in nuna musu tsinkayen, in faɗi abin da na yi da bakina. Da guntun Larabcina da nuni da hannu nake yi. Ana dariya, amma ba wanda ya ƙara taka ko ɗaya.

Sai jira. Ganyen shidan nan ya yi rawaya ya fara zuba. Kowace Juma'a ina shiga in cire ledoji da ciyawar teku da ruwa ya kawo, in duba laka, babu komai. Baba na kan kujerarsa, ba ya tambaya, fuskata kawai yake kallo in na fito. Babban, na farin, wanda na fara da shi da dukkan ƙarfina, bai kai ƙarshen zafi ba. Ya bushe ƙayau. Ranar da Muhandisa ta tabbatar, Baba ya ce inna lillahi, ya ce a bar shi a tsaye, tsuntsaye na sauka a kai. Bai taɓa yi mini gori a kansa ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mini zafi a kan ya zage ni.

Da iska ta fara sanyi, wata safiya ruwa ya janye sosai. Ina rarrafe a gindin na biyu ina tsince leda, sai tafin hannuna ya ji wani abu ya soke shi kaɗan. Na share lakar. Wani ɗan tsinke ne, bai kai gaɓar yatsa ba, kansa fari-fari, sabo. Na duba gefe, ga wani. Ga wani. Na rarrafa gindin na uku, akwai. Duk biyar ɗin akwai.

Na miƙe na ƙwala ihu, “Baba! Sun fito!”

Ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Ya sake yunƙurawa, kujerar ta kusa kifewa da shi. Na fito da gudu, laka har wuya, na juya masa baya na tsuguna. Ya ce, “Kai, ya waladi, mutane na kallo.” Na ce su kalla. Ya tuɓe takalmansa, ya ɗora hannuwansa a kafaɗata, na goya shi. Bai kai nauyin kwali biyu na dabino ba.

Muka tsallake igiya. Muhandisa da sauran suka bar abin da suke yi suka tsaya. Da muka isa na durƙusa da shi a bayana, ya miƙa hannu ta gefen kunnena, ya taɓa ɗan tsinken da kan yatsa, kamar mai taɓa jariri. Na ji wuyana ya jiƙe. Ya ce gumi ne, in kai shi wurin na gaba.

Na miƙe da shi. Ya ƙara riƙe ni, ya sa baki a kunnena ya ce, “A hankali, Manomi. Duba inda kake sa ƙafa.”